A Bakin Wa Ka Ji?

A ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan akwai wani malamin tarihi wanda ya shekara biyu cur yana haɗa maƙala a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Dalilai biyu suka ɗaure shi a kan wannan aiki. Na farko dai sananne ne ga duk wanda ya san zaman jami'a, watau malami ba ya samun ƙarin girma sai ya baje abin da ya buga a mujallun ilmi an ƙidaya. Shi kuwa maƙala ɗaya tak ta rage masa ya cika adadin da ake bukata, ga shi sa'o'insa duk sun wuce sun bar shi. Dalili na biyu na gida ne. Kakansa bafatake ne, ya taka wannan hanya da ƙafarsa tun yana saurayi, kuma cikin waɗanda suka ji labarin tafiyar daga bakin mai ita mutum ɗaya ya rage a duniya, shi ne wan mahaifin malamin, dattijo mai shekara casa'in da ɗoriya, wanda duk gidan ke kira Baffa.

Malamin ya yi wata da watanni yana zuwa zauren Baffa bayan la'asar da littafin rubutu a hannu. Dattijon ya ba shi labarin yadda ayari kan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan dukanci, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki. Da yadda akan haye Kwara a ratsa ƙasar Borgu, ana biyan kuɗin fito, ana kai gaisuwa ga sarakunan hanya, har a sauka Salaga, wadda ke cikin Ghana a yau. Malamin ya haɗa wannan da abin da ke cikin littattafai, kamar yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar Salaga, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, sa'ad da goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo, ayari ya soma mutuwa. Ya jingina ƙwarai da littafin Paul Lovejoy da aka buga a 1980, wanda ya bi diddigin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a cikin wannan fatauci. Da ya gama, ya aika wa wata mujalla mai daraja, ya zauna jira.

Bayan wata huɗu amsa ta zo. Masana biyu da aka ba su aikin su duba, ba tare da an gaya musu mai shi ba, sun yaba, sun ce lalle akwai sabon abu a ciki. Amma editan ya biyo da shafi uku na gyare-gyare, kuma kusan dukansu a kan abu ɗaya suke, watau yadda ya kawo madogara. Shi ya saba da tsarin da ya rubuta kundin digirinsa da shi, wanda ake ɗiga ƙaramar lamba a ƙarshen jimla, a kawo tushen bayani a ƙasan shafi. Mujallar kuwa ta ce sai tsarin APA, bugu na bakwai, ba ragi ba ƙari. An ja masa layi a kan waƙafin da ya zauna a mazaunin aya, da sunan littafin da bai sa da rubutun tsutsa ba, da sunan garin bugu da ya sa alhali an daina sawa. Ran malamin ya ɓaci ƙwarai. Ya shiga ɗakin hutawar malamai yana faɗa, yana cewa an bar jaki ana dukan taiki, mutum ya ceto tarihin da ke bakin ɓacewa, ga shi ana yi masa shari'a a kan ɗigo.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da waɗannan tsare-tsare. Kowace mujallar ilmi tana da ƙa'idar da take bi wajen nuna inda marubuci ya samo maganarsa. Akwai tsarin Shikago, wanda maɗaba'ar jami'ar wannan birni na Amurka ta fara bugawa a 1906, shi masana tarihi suka fi so domin yana ba su filin ƙasan shafi su yi sharhi. Likitoci suna da nasu, wanda editocin mujallunsu suka shata a wani taro a ƙasar Kanada a 1978, su lambobi suke jerawa bi da bi. Tsarin APA kuwa na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ne. Ya faro a 1929 da 'yar maƙala mai shafi bakwai, ya yi ta bunƙasa har ya zama littafi guda, bugunsa na bakwai ya fito a 2019, kuma mujallu da yawa a Nijeriya shi suke bi, har da waɗanda ake rubutawa da Hausa. Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. A cikin zance marubuci ya sa sunan mai littafi da shekarar bugu cikin baka biyu, in kuwa kalmominsa ya ɗauko kai tsaye, ya ƙara lambar shafi. A ƙarshen maƙala ya jera manazarta bisa tsarin abacada, kowace da amsar tambayoyi huɗu: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, kuma ina za a same shi. Duk littafin da aka ambata a cikin zance dole a same shi a jerin, duk wanda ke jerin kuma dole a same shi a cikin zance.

Da fushi ya huce, malamin ya zauna gyara, sai ya tarar rigar an ɗinka ta ne daidai jikin mutanen da ke da sunan dangi. Ƙa'ida ta ce a fara da sunan ƙarshe, a taƙaita sauran zuwa harafi ɗai-ɗai. Ga Bature wannan ba wuya, amma Bahaushe sau da yawa sunansa na ƙarshe na mahaifinsa ne, ko na garinsu da aka laƙaba masa a makaranta. Ta haka Malam Aminu Kano kan koma Kano, A., Malam Sa'adu Zungur ya koma Zungur, S. Tafawa Ɓalewa kuwa sunan gari ɗaya ne, amma wasu kan tsaga shi biyu su jera marubucin Shaihu Umar a ƙarƙashin Ɓalewa, wasu a ƙarƙashin Tafawa. Malamin ya zaɓi hanya ɗaya ya tsaya a kanta daga farko har ƙarshe. Wannan duka bai ci masa fiye da dare biyu ba.

Abin da ya hana shi barci yana shafi na uku na wasiƙar, layi biyu ne kawai daga ɗayan masanan nan. Malamin ya kawo maganar Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a farkon 1851. Ya rubuta cewa Barth ya ƙidaya kayan jaki 500 na goro da ke shiga Kano kowace shekara, ya sa juzu'i na ɗaya da lambar shafi, a manazarta kuma ya sa bugun Landan na 1857. Masanin ya ce, cikin ladabi, ya buɗe wannan juzu'i a wannan shafi ya tarar Barth yana can arewa bai iso Kano ba tukuna, saboda haka yana roƙon marubuci ya faɗi bugun da ya duba.

Malamin ya san amsar tun bai gama karanta tambayar ba. Ba bugun da ya duba. Shekarun baya ya ga maganar a cikin kundin wani ɗalibi, ya kwafe ta da lambar shafinta a kan kati, sa'an nan da ya zo haɗa manazarta ya nemi bayanin littafin a intanet, ya ɗauki abin da ya fara cin karo da shi. Alhali littafin Barth juzu'i biyar ne a bugun Landan na 1857 zuwa 1858, labarin Kano yana cikin na biyu. Bugun Amurka kuwa juzu'i uku ne, shi aka sake bugawa a 1965, a nan ne Kano ta faɗo cikin na ɗaya. Ashe kan wannan ya ɗauka ya ɗora wa gangar jikin wancan. Da ya nemo littafin ya karanta babin da idonsa, sai ya ga abin ya wuce kuskuren lamba. Barth bai ƙidaya jaki ko ɗaya ba. Ƙiyasi ya yi cewa kayan sun haura 500, ƙiyasin baƙon da bai wuce 'yan makonni a birnin ba, yana fama da zazzaɓi da bashi. Mai kundin ya mai da ƙiyasi ƙidaya, malamin ya ɗauka ya gina lissafi a kai. Da an buga haka nan, da wani ɗalibin ya ɗauka daga gare shi da ƙarin ƙarfi, tun da yake yanzu maganar ta fito a mujalla.

Ƙa'idar da ya raina kuwa ta yi tanadin irin wannan hali. Ta ce in ba ka ga asalin littafi ba, ka faɗi gaskiya, ka rubuta cewa wane ya ce kamar yadda wane ya kawo, sa'an nan a manazarta ka sa wanda ka karanta kaɗai. Malamin ya san da wannan tun yana ɗalibi, kuma ya san abin da ya hana shi bi. Sunan Barth da shekarar 1857 sun fi kwarjini a idon edita bisa ga sunan wani ɗalibi da kundin da ba a buga ba. A daren nan ya zazzage katunansa duka a kan tabarma, ya ware su kashi biyu, waɗanda ya riƙe littafinsu da hannunsa, da waɗanda ya gada daga wasu. Kashi na biyu ya kai kati bakwai.

Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar da ake yawan bayarwa. Ya ce ya cire lambobin shafin ya bar shekara kawai, ba mai bin diddigi. In kuwa editan ya matsa, ai akwai mujallun da kan buga maƙala cikin mako biyu muddin an biya, kuma saura wata biyu a rufe karɓar takardun ƙarin girma. Malamin bai ce masa a'a nan take ba. Ya kwana biyu yana juya maganar, yana tuna kuɗin makarantar yara da bambancin albashin matakan biyu.

Saura magana ɗaya cikin wasiƙar, ita ce ta fi yi masa ciwo. Editan ya ce a cire sunan Baffa daga manazarta. A tsarin APA jerin ƙarshe na abin da mai karatu zai iya zuwa ya nemo ne ya gani da kansa. Hirar da aka yi a zaure, ba a ɗauke ta a na'ura ba, ba a ajiye ta inda wani zai same ta ba, ana ambatonta ne a cikin zance kawai, da sunan mai maganar da ranar da aka yi ta. Malamin ya ga hikimar, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Rabin maƙalar daga bakin dattijon ya fito, ga shi baƙon da ya yi 'yan makonni a Kano ya sami mazauni a jeri, ɗan bafataken kansa an bar shi a waje.

Ya tuna da Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a Landan a 1954, bayan Baba ta rasu a 1951. Baturiyar ba ta ci amana ba, domin sunan Baba ta sa wa littafin. Duk da haka, wanda zai nemi maganar Baba a manazarta, a ƙarƙashin Smith zai same ta. Ya tuna da Dorugu, yaron nan mutumin ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila a 1855, ya zauna yana ba Schön labarai da Hausa yana rubutawa, suka fito cikin Magana Hausa a 1885 da sunan Schön a bango. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da tarihin Dorugu suka gabatar da shi a matsayin mai labarin. Malamin ya ga cewa shi ma yana gab da yi wa wan mahaifinsa irin wannan, shi da ba baƙo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya nufi zauren. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gai da Baffa, suka taɓa maganar damina, sa'an nan ya kwance masa abin da ke tafe da shi, yana jiran dattijon ya taya shi fushi. Sai Baffa ya yi murmushi.

"To ɗana, su masu takardar nan sun san ni ne?"

"A'a Baffa, ba su san ka ba."

"To don me za su yarda da ni? Ko ni, in baƙo ya shigo zauren nan ya ce wani ya ce, sai na tambaye shi wane ne wanin. Karanto mini abin da ka ce na ce."

Malamin ya buɗe maƙalar yana juya ta zuwa Hausa. Ya karanta tashin ayari, Baffa ya gyaɗa kai. Ya karanta hayin Kwara, ya gyaɗa kai. Da ya zo kan watsewar Salaga, inda ya rubuta cewa kakansa ya ga fatake na gudu sun bar kayansu a zango, sai dattijon ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Wa ya gaya maka kakanka ya ga wannan?"

"Kai ne ka gaya mini, Baffa."

"Ban ce ya gani ba, cewa na yi ya ba mu labari. Hayin Kwara ya gani da idonsa, don a nan ruwa ya cinye masa jaki guda. Amma shekarar da Salaga ta watse yana gida, lokacin aka yi masa aure. A bakin wani abokin tafiyarsa ya ji, wanda ya tsero da rigar wuyansa. Mutum uku ne tsakaninka da abin nan, kai ka mai da su biyu. Ina ka kai ɗayan?"

Malamin ya sunkuyar da kai, domin ya ga laifin nan ɗaya ya aikata sau biyu. A maganar Barth ya tsallake mai kundi don ta yi kama da abin da ya karanta da kansa, a maganar Salaga kuma ya tsallake abokin kakansa don ta yi kama da abin da aka gani da ido. Masanin da bai taɓa ganinsa ba da dattijon da bai taɓa shiga aji ba, tambaya ɗaya suka yi masa.

Wannan tambaya kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantun zaure, kafin a tambayi almajiri abin da ya sani, akan tambaye shi wurin wa ya karanta. Malaman hadisi sun bambanta tsakanin wanda ya ce ya ji da kunnensa da wanda ya ce an samo daga wane, kuma ruwayar da aka rasa mutum guda a tsakiyar isnadinta darajarta kan ragu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowanne, tun daga wansa Shehu Usmanu har Malam Jibrila. Isnadi mutane yake bi, manazarta kuwa takarda take bi, amma manufarsu ɗaya, watau a bar wa na baya sawun da zai bi ya koma har tushe, in ya ga kuskure ya san a hannun wa ya shigo.

Da ya koma gida ya sake karanta ƙa'idar a tsanake, ba da idon mai neman laifi ba, sai ya ga ashe ƙofar da yake nema tana ciki. Hirar da aka ɗauka aka ajiye a ma'adanar da kowa zai iya zuwa ya saurara, ta zama abin da ake iya nemowa, saboda haka tana shiga manazarta, kuma sunan mai ba da labarin ne ke zama a gurbin marubuci. Ya nemi iznin Baffa, ya bayyana masa cewa muryarsa za ta zauna inda baƙi za su ji ta bayan ba ransa. Dattijon ya ce ya yarda, da sharaɗin a bar shi ya faɗi mafarin kowace magana. Suka sake hirar daga farko, zama shida, na'ura na ɗauka. Kafin kowane labari Baffa kan ce wannan mahaifinsa ya gani, ko wannan ji ya yi, ko wannan shi kansa yana shakka. Malamin ya rubuce hirar da Hausa kalma bayan kalma, ya kai ta tare da faifan ɗakin adana kayan tarihi na jami'arsu, aka ba ta lamba. Sa'an nan ya bi katunan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Biyar ya samo littattafansu ya duba, ɗaya ya rubuta shi a matsayin abin da wani ya kawo, ɗaya kuma ya rasa asalinsa sam, ya cire shi tare da sakin layin da ya ginu a kansa.

Aikin ya ci wata uku. Aka rufe karɓar takardun ƙarin girma na shekarar ba da nasa ba, abokin da ya ba shi shawara ya wuce. Malamin ya ji zafin wannan, bai kuwa ɓoye wa iyalinsa ba. Sai dai tun daga lokacin ɗalibansa suka lura ya sake hali. In ɗalibi ya kawo babi, kafin ya duba waƙafi da aya yakan sa yatsa a kan suna ɗaya cikin manazarta, ya ce a kawo masa littafin gobe, a buɗe masa shafin.

Da maƙalar ta fito, ya gurza kwafi ɗaya ya kai zaure. Idon Baffa ya riga ya yi rauni, saboda haka malamin ya kama yatsansa ya ɗora a kan layin da sunansa yake, a tsakanin na Barth da na Lovejoy, ya karanta masa shi da shekara da lambar ma'adana. Dattijon ya yi shiru yana shafa takardar.

"Abokin kakanka fa, yana ciki?"

"Yana ciki Baffa, a shafi na tara. Sai dai ba suna, tun da ka ce sunan ya kwanta maka."

"Ya kwanta mini, Allah ya jiƙansa. Ka rubuta cewa ni na manta?"

"Na rubuta, Baffa."

"To madalla," in ji dattijon. Ya naɗe takardar, ya tura ta ƙarƙashin buzunsa, ya ce a miƙo masa buta, la'asar ta yi.